Gobara da Ɗakin Magani a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Tun kafin a san abin da ake kira asibiti a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, inda 'Yandakan Katsina da Maradin Katsina ke riƙe da hakimci, tsaron wuta al'amari ne na jama'a baki ɗaya. Domin da zarar hunturu ya kama, iska ta busar da jinka da dangar kara, sai mai unguwa ya sa a yi shela cewa kowace mace ta kashe murhunta kafin ta kwanta, wanda kuwa ya shiga ɗaki da garwashin jin ɗumi ya san alhakin maƙwabta yana wuyansa. In ƙaddara ta faɗa, wuta ta tashi a ƙauye irin Kutawa, tulu da ƙwarya da ƙasa su ne makamai, samari kuma su yi maza su yaye jinkar ɗakunan da ke gaba don a datse mata hanya.

Sa'ad da En'e ta soma gina ɗakunan magani a gundumomi, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, an sami bango mai ƙarfi da rufin kwano, amma sai wutar ta koma cikin ɗakin: ga risho na tafasa allura, ga fitilar ƙwai, daga baya ga firjin kananzir na adana maganin rigakafi. Duba-gari, wanda har dattawa ke shakkar isowarsa, hankalinsa ya fi karkata ga randa da salga da mahauta. Abin da aka tanada wa gobara bai wuce jajayen bokitai cike da yashi a baranda ba, waɗanda, a gaskiya, sun fi cin guntun sigari fiye da wuta.

Gwamnatin tarayya ta yi dokar kashe gobara a 1963, jihar Katsina kuma, da aka ƙirƙiro a 1987, tana da 'yan kwana-kwananta; sai dai haɗarin ya riga hukuma yin nisa, tun da janareta da batirin sola da tukunyar oksijin suka shiga ɗakin majinyata, aka kuma jibga na'urori kan tsofaffin wayoyin da aka ja don ƙwan lantarki da fanka. Alal misali, a Tiwawan, garin Tijjanawa na Senegal, jarirai 11 suka rasu a gobarar asibiti cikin Mayun 2022.

A ganina, maslahar marasa lafiya ta wajabta binciken da ya zarce na kasuwa, saboda ɗan kasuwa yana iya gudu ya bar dukiya, alhali mai jego da wanda aka ɗaura wa ƙarin ruwa sai an ɗauke su. Saboda haka mai bincike na ƙwarai ba ya wadatuwa da takardar ofis, sai ya karanta kwanan watan da ke jikin tukunyar kashe wuta, ya tambayi maigadi ko ya iya zare mata fil, sa'an nan ya zaga ƙofar baya ya ga ko an garƙame ta da kwado don tsoron ɓarayi, da kuma a hannun wa mabuɗin yake kwana.