Ɗab'in Takardun Bango a Ƙasar Hausa: Daga Haruffan Katako zuwa Na'urar Zane

Masu nazarin rubutun boko a ƙasar Hausa sun fi karkata ga littafi da jarida. Akwai kuwa wani nau'i na uku da ba a cika kula da shi ba, watau babbar takardar nan da ake liƙawa a bango, wadda a yau ake kira fasta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun injinan da suka buga ta, domin kowane inji ya bar tasirinsa a kan wanda ke iya bugawa da kuma abin da ke wanzuwa bayan an buga.

Tun daga kafa Hukumar Fassara cikin 1929, da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin Janairun 1939, har zuwa kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya cikin 1945, akasarin ɗab'in boko na Hausa yana hannun hukuma ne. A irin ɗab'in wancan zamani jera haruffa ake yi. Ƙanana na dalma ne, manya kuwa na katako, saboda dalma in ta yi girma sai ta yi nauyi da tsada. Har ila yau, takarda ba ta wuce faɗin injin. Tun da wahalar duk a wajen jerawa take, ba a ɗora aiki don kwafi ɗaya. Sai ɗaruruwa ko dubbai.

Shekarun 1950 ne suka ba bango muhimmanci. Ana Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA tana fitar da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa da Talata Mafara da Bakura da Maradun. Sa'an nan ga siyasa. A zaɓen 1959 alama ce ta yi magana da wanda bai shiga aji ba: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. A ganina, duk mai son ya san abin da talaka ya fi gani a rubuce a wannan lokaci, to kada ya tsaya ga littafi.

Cikin 1959 ɗin nan ne kamfanin CalComp na Amurka ya fito da na'urar zane mai bin umarnin kwamfuta, wadda ke jan alƙalami a kan naɗin takarda. Aikinta na farko zanen injiniyoyi ne da taswira. Daga 1991, da HP ya fito da DesignJet, feshin tawada ya fara maye gurbin alƙalami, har aka kai ga buga hoto mai launi. Ɗakunan karatu na jami'o'i da dama a Amurka da Turai suka sayi irinta domin ɗalibai su buga fastar bincikensu ta taron ƙara wa juna sani, a Turai galibi a ma'aunin A0, watau milimita 841 da 1189. A nan gida, shagunan 'yan kasuwa ne suka fi ɗaukar wannan aiki. Tsohuwar matsalar ƙ da ɗ da ɓ ma ta biyo mu, don ba kowane salon haruffan kwamfuta ke da su ba, kuma kuskuren da ido zai tsallake a shafi ba ya ɓoyuwa a takarda mai tsawon ƙofa.

Amma babban abin lura shi ne adadi. Sabuwar na'ura kwafi ɗaya take bugawa ba tare da asara ba. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai wallafa ya ajiye kwafi uku na abin da ya wallafa, alhali fastar ɗalibi guda ce tak, ta kwana biyu a zauren taro, a naɗe ta. Tsohuwar fasta da aka buga dubu, akwai tsammanin ɗaya ta tsira a Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Kaduna ko a akwatin wani dattijo. Ta yanzu kuwa, in laburaren jami'a bai nemi fayil ɗinta ya adana ba, to zamanta ya rataya ne ga kwamfutar mai shago.