Abin da ke hana imel shiga waya bayan an sauya adireshin saba

Idan wata ma'aikata, jami'a ko kafar yaɗa labarai ta ƙaurar da imel ɗinta daga wani kamfani zuwa wani, adireshin da ma'aikaci ke bai wa mutane ba ya canzawa. Abin da ke canzawa shi ne sunan saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonni ta kuma adana su. Ita kuwa wayar salula ta haddace tsohon sunan tun ranar da aka sanya mata akwatin, don haka sai ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar gidan da masu shi suka riga suka tashi. Daga nan ne saƙonni ke daina shiga, ko su shiga amma su ƙi fita, ko waya ta yi ta neman kalmar sirri duk da cewa an rubuta ta daidai.

Gwajin farko shi ne a buɗe akwatin ta burauza. Idan sababbin saƙonni na can, matsalar a waya take. Idan babu su, mai yiwuwa ƙaurar ce ba ta kammala ba, domin tsarin DNS, wanda ke nuna wa duniya inda za a kai saƙon kowane adireshi, yakan ɗauki sa'o'i, wani lokaci har kwana 2, kafin sabon bayani ya isa ko'ina. A wannan hali taɓa saitunan waya ɓata lokaci ne kawai.

Kowane akwati yana da adireshi biyu a cikin saitunan manhajar imel, kuma mutane da dama ɗaya suke gyarawa su manta da ɗayan. Na karɓa yana aiki da IMAP a mashiga mai lamba 993, ko POP3 a 995. Na aikawa yana aiki da SMTP a 587 ko 465. A Gmail, alal misali, sunayen su ne imap.gmail.com da smtp.gmail.com. Akwatin da ke karɓa amma ba ya aikawa, galibi na aikawar ne ya rage a kan tsohon suna.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a goge akwatin a sake sanya shi. Tana aiki, sai dai akwai inda take jawo asara. IMAP yana barin saƙonni a kan saba, waya madubi ce kawai, goge akwatin ba ya taɓa su. POP3 kuwa sauke su yake yi, kuma idan an saita shi ya share na saba, to kwafin da ke waya shi kaɗai ya rage. Ɗan jaridar da ya goge irin wannan akwati zai iya rasa wasiƙun majiyoyinsa da takardun bincike na shekaru a lokaci guda. Kafin gogewa wajibi ne a duba nau'in akwatin, a kuma tabbatar tsofaffin saƙonnin sun bayyana a sabuwar saba.

Wani lokaci adireshin daidai ne, hanyar shiga ce ta tsufa. Tun daga Mayun 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga akwatunan ɗaiɗaikun mutane da kalmar sirri kawai, Microsoft ma ya fara rufe wannan hanya a Exchange Online ranar 1 ga Oktoban shekarar. Mafita ita ce a sabunta manhajar, a shiga ta shafin kamfanin da za ta buɗo da kanta.

Gargaɗin da ke cewa ba a iya tantance saba ba, yana nufin sunan da waya ta kira bai dace da takardar shaidar tsaron da aka nuna mata ba. Bayan ƙaura wannan kan faru ne saboda tsohon suna, amma haka yake bayyana idan wani ya shiga tsakani yana son satar kalmar sirri. Danna maɓallin ci gaba ganganci ne, musamman ga 'yan jarida da masu fafutuka. Masu damfara kuma sukan aiko da saƙo mai cewa an sauya saba, a latsa wata mahaɗa don kada a rufe akwati. Sabon suna ana karɓarsa ne daga jami'in da ke kula da kwamfutocin ma'aikata, baki da baki ko ta lambar wayar da aka sani, ko kuma daga shafin taimako na kamfanin da ke riƙe da imel ɗin.