Keɓe Fursuna Shi Kaɗai: Illarsa ga Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Keɓewa ita ce a kulle fursuna a ɗaki shi kaɗai na awa 22 ko fiye a rana, ba ya samun hulɗa ta kirki da mutane.

Illoli

Ƙwaƙwalwa na buƙatar hira, haske da motsa jiki. Idan ta rasa su, akan ga fargaba, ciwon damuwa, rashin barci, saurin fushi, mantuwa, jin muryoyi ko gane-gane. Haɗarin cutar da kai da kashe kai yana ƙaruwa, musamman ga mai taɓin hankali tun da farko.

Gyaran doka

A shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Dokokin Nelson Mandela. Sun haramta keɓewar da ta wuce kwana 15 a jere, da wadda ba ta da ranar ƙarewa. Sun kuma ce ma'aikacin lafiya ya riƙa duba wanda aka keɓe kowace rana.

Shawara ga iyali

Alamomin kan ci gaba bayan an sako mutum. Ku yi haƙuri idan yana gudun taro, kada ku matsa masa. Idan ya ambaci kashe kansa, ku kai shi asibiti nan take.