Tukwanen Abuja: daga matoyar Gwari zuwa kasuwar Landan

Kafin sunan Abuja ya zama na babban birnin tarayya, suna ne na masarautar da yau ake kira Suleja, kuma 'yan kasuwar kayan fasaha na Landan sun fara saninsa ne a gindin tukwane. Labarin ya soma a 1950, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani maginin tukwane ɗan Ingila, Michael Cardew, aiki a sashen ciniki da masana'antu. An ɗora masa nauyin kafa sana'ar tangaran ta zamani, domin matasa su samu aiki, a kuma rage shigo da faranti da kofuna daga waje.

Cardew ya zagaya Arewa yana duba yumɓu, daga ƙarshe ya tsaya a Abuja. Akwai yumɓu mai kyau, ga itace, ga ruwa, ga kuma Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, mutum mai ilimin zamani wanda ke tara tukwanen matan ƙasarsa a fada. A farkon shekarun 1950 aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane, kuma maza ne zalla ɗalibanta na farko.

A cikin tukwanen fada ne Cardew ya ga aikin wata mata daga ƙauyen Kwali mai suna Ladi, wadda aka haifa wajajen 1925. A wurin Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, ginin tukwane aikin mata ne. Maginiya ba ta da na'urar juyi. Takan aza curin yumɓu a ƙasa, ta riƙa zagaya shi tana jan bango sama da hannu, tana ƙara igiyoyin yumɓu har randa ta tashi, sannan ta zana mata kunama, hawainiya, kada, ƙadangare ko kifi. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Daga baya wasu mata suka biyo ta, irin su Halima Audu da Asibi Ido.

A nan ne shirin ya kauce wa hanyar da aka tsara masa. Randar gargajiya, da ake gasawa a fili da itace da ciyawa, tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, shi ya sa take sanyaya shi. Da aka shafa wa randunan Ladi ruwan ƙyalli aka gasa su a tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200, sai suka yi nauyi, suka daina tsattsafo da ruwa, kuɗinsu ya fi ƙarfin mai ɗiban ruwa a rafi. Talaka ya ci gaba da sayen tulun kasuwa da kwanon sha na ƙarfe. Masu sayen kayan cibiyar suka zama Turawan da ke aiki a Najeriya, da manyan ma'aikata, da masu tara kayan ado a ƙetare.

Ta wannan fuskar kuwa an ci riba. An baje kolin tukwanen Abuja a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ladi ta samu lambar MBE a 1963, ta zagaya Amurka tare da Cardew a 1972 tana nuna yadda ake gina randa da hannu, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Cardew ya bar aikin a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi. Ladi ta rasu a Minna a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Masana'antar da za ta ɗauki dubban ma'aikata dai ba ta tashi ba.

Rabin ƙarni bayan zuwan Cardew, tukwane sun sake shiga zancen ciniki da ƙetare. A watan Mayun 2000 Shugaban Amurka Bill Clinton ya sa hannu a dokar AGOA, wadda ta buɗe wa dubban nau'o'in kayan Afirka kasuwar Amurka ba tare da haraji ba. A watan Agusta ya ziyarci Ushafa, ƙauyen magina da ke ƙaramar hukumar Bwari, inda mata ke aiki a cibiyar tukwanen garin. Sai dai a shekarun da suka biyo baya ɗanyen mai ne ya mamaye abin da Najeriya ta fitar a ƙarƙashin dokar. A 2019 hukumar USAID ta Amurka ta kafa wata cibiyar bunƙasa ciniki da zuba jari ta Yammacin Afirka mai hedikwata a Abuja, amma ta fi mayar da hankali ga noma da sarrafa amfanin gona.

Matan Ushafa da Kwali suna nan suna gini, kuma mafi yawan masu sayen kayansu mazauna Abuja ne masu neman tukunyar fure, da matan gida masu neman kasko da randa.