Daga Siton Dawanau Zuwa Turke

Duk wanda ya karanci ilimin halayyar koyo a kwalejin horar da malamai ya san akwatunan nan uku. Malami zai zana su a allo, ya ja kibiya daga wannan zuwa wancan: abin da ido da kunne suka kwaso, ma'ajiyar ɗan lokaci, sai ta dindindin. Zanen na Richard Atkinson da Richard Shiffrin ne, na 1968, zamanin da kwamfuta ta tafi da imanin masana a Amurka har suka ɗauka kan ɗan Adam ma haka yake aiki. Haka aka koya mana, haka muka koyar. Mu 'yan Dawakin Tofa bayaninsa bai ba mu wuya ba: sai mu ce wa ɗalibai su tuna siton Dawanau, buhu ya sauka daga mota, a jera shi, ran da ake so a ɗauko shi yadda aka ajiye.

To amma ba a ɗauko shi yadda aka ajiye. Tun 1932 Frederic Bartlett na Kambirij ya nuna cewa in mutum ya maimaita labari, sai ya datse nan, ya yi ƙari can, ya karkatar da shi wajen abin da ya saba. A 2000 Karim Nader da abokan aikinsa suka koya wa ɓeraye tsoron wani sauti, suka tuna musu da shi, nan take suka sa musu maganin da ke hana ƙwaƙwalwa ƙera furotin. Tsoron ya dushe. Waɗanda aka sa wa maganin ba tare da an tuna musu ba, tsoronsu na nan daram. Ashe duk abin da aka tuno sai an sake gina shi.

Ana cikin haka wasu masanan suka bar na'ura suka koma daji neman misali. A 1976 Eric Charnov ya fitar da lissafin lokacin da ya kamata dabba ta bar inda take ci: da zarar abin da take samu ya gaza abin da za ta samu a gaba. Peter Pirolli da Stuart Card na kamfanin Xerox suka ɗauki dabarar a 1999 suka auna mai neman bayani da ita, suka ce ƙanshi yake bi. A 2012 Thomas Hills da abokansa suka kai ta cikin kai: ka ce wa mutum ya lissafo dabbobi, zai zubo na gida, in suka fara wuyar zuwa ya tsallaka na daji. Yaron da ya taɓa sakin awaki a gona bayan an kwashe amfani ba ya bukatar a faɗa masa wannan sau biyu.

Abin da ba a rubuta a littattafanmu ba shi ne, alarammomin tsangaya ba su taɓa ɗaukar hadda kayan sito ba. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya kamanta mai haddar Alƙur'ani da mai raƙuma a ɗaure: in yana kula da su suna nan, in ya sake su sun tafi. A ƙasarmu, inda da damina ba ka samun taki guda da ba a shuke ba, kowace akuya tana turke, ana yanko mata ciyawa safe da yamma, ba sai an yi wa kowa tafsirin misalin ba. Dubi tsarin. Almajiri ya biya allonsa, in ya zauna masa a kai sai a wanke, rubutun ya tafi, dole ya nemo shi a ƙirjinsa. Ga tishe, ga tilawar dare a gaban wutar kara. Mai neman zama alaramma kuma sai ya zauna da tawada da alƙalami ya rubuta izu sittin da ka. Sai a 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada ɗalibai suka ga rufe takarda a tuno ya fi sake karantawa kama kai bayan mako guda.

Ban ce alarammomi sun riga masu binciken ƙwaƙwalwa ba. Masu faɗin haka suna wuce gona da iri. Sun dai zaɓi misali mai rai, shi ya sa suka gina karatu a kan kulawar kullum. Misalin kiwon ma yana da iyaka. Akuya ciki take cikawa, ba ruwanta da gaskiya ko ƙarya, don haka lissafin Charnov zai faɗa maka dalilin da ɗalibi ke tsallake shafi a wayarsa cikin daƙiƙu, amma ba zai faɗa maka ko ya fahimta ba.

Yanzu a aji nakan zana akwatunan, domin suna fitowa a jarrabawa. Sannan in ce kowa ya rufe littafi ya rubuta mini darasin makon jiya.