Mamogarafi: yawan hasken da ke shiga jiki da kyawun hoton nono

Mamogarafi hoton cikin nono ne da ake ɗauka da hasken nan mai ratsa jiki, wanda a asibitocinmu ake kira "radiyo" (ba irin wadda kuke saurare ba). Da shi ake gano sankarar mama tun ƙullutun bai kai yatsa ya ji shi ba. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce a 2022 an samu cutar a jikin mata miliyan 2,3, kuma wajen dubu 670 ta yi ajalinsu.

A ƙasar da kowa ya san labarin uraniyom na Arlit, dole mace ta tambaya: wannan hasken ba shi zai jawo mini ciwon ba? Ana auna shi da ma'aunin da ake kira milisibat. Cikakken awo hoto huɗu ne, biyu ga kowane nono, jimillarsu wajen milisibat 0,4. Ɗan Adam kuwa, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana shan kusan 2,4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci. Ke nan awo guda daidai yake da zaman duniya na wata biyu. Kaɗan ne, amma ba a maimaita shi haka kawai.

To me ya hana a rage hasken sosai kowa ya huta? Abin da likita yake nema ƙanana ne ƙwarai, wasu ɗige-ɗige kamar ɓarɓashin gishiri, ba su kai milimita guda ba. In haske ya yi ƙaranci, hoton sai ya fito dishi-dishi kamar ranar hazo, ɗigon ya ɓace. Daga nan ko a sake ɗauka, mace ta sha haske sau biyu, ko a ce mata lafiya lau alhali ciwo na nan. Wannan na biyun shi ne mafi muni.

Na'urar zamani ta daina aiki da fim. Hoton yana tafiya kai tsaye cikin kwamfuta, likita ya ƙara masa girma yadda yake so, kuma ita na'urar da kanta take auna kaurin nono ta saki hasken da ya dace. Sai dai tana da nata tarkon. A zamanin fim, in haske ya yi yawa hoton baƙi yake fitowa, kowa ya gani. Yanzu kwamfuta tana gyara shi ya fito fes, ba wanda zai lura an wuce ƙima. Shi ya sa ake duba waɗannan na'urori a kai a kai, kuma a Nijar hukumar ARSN da ke Yamai ce ke sa ido kan kayan da ke fitar da irin wannan haske.

Uwargida, ke ma kina da hannu a ciki. Matse nonon da ake yi tsakanin faranti biyu akwai zafi, ba ƙarya, amma na 'yan daƙiƙu ne. Nono in ya baje, haske kaɗan ya ishe shi, kuma hoto ya fi fita. Ki tsaya cik, ki riƙe numfashi in an ce ki riƙe. Ranar awo kada ki shafa hoda ko maganin warin hammata, don suna fitowa a hoto kamar ɗigon da ake nema. Mako guda bayan al'ada ya fi sauƙin zafi. In kina da ciki ko kina shayarwa, ki faɗa tun kafin a fara. Budurwa da matashiyar uwa naman nononsu a cushe yake, don haka likita yakan fara musu da ekogarafi, wanda da sauti yake aiki, babu wannan haske a cikinsa.

Mace daga Magariya ko Dungas da ta ji ƙullutu, ko ta ga jini daga kan nono, ta fara da ungozoma ko likitan CSI mafi kusa, su rubuta mata takardar zuwa gaba, Damagaram ko Yamai, inda cibiyar yaƙi da sankara ta fara gashin ciwon da haske a 2021. Wasu kan tsallaka Kano. 'Yan uwa na waje masu aiko kuɗin mota da na awo, ku tuna mata ta tafi da tsohon hoto da takardunsa duk asibitin da za ta je. Sau da yawa rashinsu ne ke sa a sake awon da aka riga aka yi, kuma likita yana gane canji ne in ya jera hoton bara da na bana.