Manufar Tsaron Ƙasa da Yaƙi da Ta'addanci: Yadda Ake Auna Ta a Rigachikun da Kewaye

Gabatarwa

Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya bayyana cewa tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban maƙasudin kafa gwamnati. Domin sauke wannan nauyi ne Gwamnatin Tarayya ta rubuta Manufar Tsaron Ƙasa. An shirya wannan bayani ne domin mazauna karkara, hakimai, dagatai, masu unguwanni, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi su san abin da manufar ta ƙunsa, su kuma iya auna ta da abin da suke gani a yankunansu.

An ɗauki Rigachikun a matsayin misali saboda inda take. Gari ne a Ƙaramar Hukumar Igabi, a kan babbar hanyar Kaduna zuwa Zariya, kusa da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da filin baje kolin Kaduna. A wannan ƙaramar hukuma ne kuma ake da barikin Jaji, da harabar Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da ke Afaka, da filin jirgin saman Kaduna, da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, tare da ɗimbin ƙauyukan manoma da makiyaya.

Tarihin manufar a taƙaice

An kafa Dokar Hana Ta'addanci a shekarar 2011, aka yi mata gyara a 2013, sannan aka maye gurbinta da sabuwar doka a 2022. A shekarar 2014, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka fitar da Manufar Tsaron Ƙasa ta farko, tare da tsari na musamman na yaƙi da ta'addanci wanda ake kira NACTEST a taƙaice. Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta sabunta tsarin a 2016, ta ƙara masa shirin hana tsattsauran ra'ayi a 2017, ta kuma sabunta ita kanta manufar a 2019. Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ne ke daidaita aikin, ta hannun Cibiyar Yaƙi da Ta'addanci ta Ƙasa da ke Abuja.

An gina tsarin a kan ginshiƙai biyar:

1. Riga-kafi: hana mutane, musamman matasa, shiga ƙungiyoyin ta'addanci.
2. Kariya: tsare jama'a, hanyoyi, makarantu, kasuwanni da muhimman gine-gine.
3. Bincike: gano masu shirya hari da masu ba su kuɗi, da gurfanar da su a gaban shari'a.
4. Shiri: tanadin agaji da rage ɓarna idan hari ya auku.
5. Aiwatarwa: haɗa hannun ma'aikatu, jihohi da ƙananan hukumomi.

Abin da ya auku a yankin Igabi

An rubuta tsarin ne a lokacin da hare-haren bama-bamai na Boko Haram suka addabi birane da barikoki. Yankin Igabi ya ɗanɗana irin wannan a ranar 25 ga Nuwamba, 2012, lokacin da aka tayar da bama-bamai a wata majami'a da ke cikin barikin Jaji. Daga baya matsalar ta sauya kama, ta koma ta 'yan bindigar daji masu satar shanu da garkuwa da mutane domin kuɗin fansa. Sai a watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda.

A ranar 11 ga Maris, 2021, an sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, kuma na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a watan Mayu. A ranar 24 ga Agusta na wannan shekara, an kai hari Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, aka kashe hafsoshi biyu, aka tafi da ɗaya. A ranar 28 ga Maris, 2022, an tare jirgin ƙasan da ya taso daga Abuja zuwa Rigasa, aka kashe aƙalla mutum takwas, aka yi garkuwa da fiye da 60. An sako rukunin ƙarshe a watan Oktoba, jirgin kuma ya koma aiki a watan Disamba.

Rahotannin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2019, sun nuna cewa a faɗin jihar an kashe mutum 937, an sace 1,972 a shekarar 2020. A 2021 an kashe 1,192, an sace 3,348.

Inda aka samu ci gaba

Hare-haren bama-bamai irin na 2012 sun ragu ƙwarai a cikin garin Kaduna da kewayenta. An samar da doka da ta fayyace laifin ta'addanci da hukuncinsa, kuma a 2017 an fara shari'ar ɗaruruwan waɗanda ake zargi a Kainji, Jihar Neja. A matakin jiha, an kafa Rundunar 'Yan Sintiri ta Jihar Kaduna domin taimaka wa jami'an tsaro da sanin yanki. Har ila yau, a watan Nuwamba na 2024, bayan tattaunawar sulhu, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari wadda ta shafe shekaru a rufe.

Inda aka samu giɓi

Na farko, an yi jinkiri wajen daidaita tsarin da sabuwar barazanar 'yan bindiga. Kafin a ba su sunan da doka ta sani, sun riga sun kafa sansanoni a dazuzzukan da suka haɗa Kaduna da Katsina, Zamfara da Neja.

Na biyu, ikon 'yan sanda da soja yana hannun Gwamnatin Tarayya, alhali dagaci da mai unguwa su ne suka san baƙon fuska da hanyar da ake bi da man fetur zuwa daji. Idan labarinsu bai isa inda ake yanke shawara da wuri ba, ginshiƙi na biyar ya zama rubutu a takarda kawai.

Na uku, wasu matakan suna da tsada ga talaka. A 2021 an toshe layukan waya a wasu sassan jihar, aka hana zirga-zirgar babura, aka dakatar da kasuwannin mako a Igabi, Giwa, Chikun, Birnin Gwari da Kajuru. An yi hakan ne domin katse wa 'yan bindiga hanyar abinci da sadarwa, sai dai manomi ma ya rasa inda zai sayar da amfanin gonarsa, ya kuma rasa hanyar kiran agaji.

Na huɗu, kuskuren aiki yana zubar da amana. A daren 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja marar matuƙi ya kai hari bisa kuskure kan masu taron Maulidi a ƙauyen Tudun Biri da ke Igabi. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ce an binne aƙalla mutum 85. Rundunar sojan ƙasa ta amsa laifi, kuma a watan Mayu na 2024 Hedikwatar Tsaro ta sanar da cewa jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja.

Ma'aunin da jama'a za su yi amfani da shi

Yawan makaman da aka saya ko adadin 'yan bindigar da aka kashe ba su isa su nuna nasara ba. Ana shawartar kowane kwamitin tsaro na gunduma ya riƙa amsa waɗannan tambayoyi duk bayan wata uku, a rubuce:

1. Gonaki nawa aka noma a daminar bana, nawa aka bari saboda tsoro?
2. Shin akwai ƙauyen da ke biyan 'yan bindiga kuɗi kafin shuka ko girbi?
3. Makarantu da asibitoci nawa ne a buɗe, kuma ma'aikata suna zuwa?
4. Idan aka kai rahoto, tsawon wane lokaci jami'an tsaro ke ɗauka kafin su iso?
5. Waɗanda aka kama, nawa aka kai kotu, nawa aka yanke wa hukunci?
6. Waɗanda suka yi gudun hijira, nawa suka koma gidajensu?

Nauyin da ke kan shugabanni da jama'a

Ya kamata masu unguwanni su san duk wanda ya kama haya ko ya sayi fili a yankinsu, musamman a garuruwan da ke faɗaɗa da sauri kamar Rigachikun, Mararrabar Jos da Rigasa. Wajibi ne a ɓoye sunan duk wanda ya kawo labari, domin tona shi na iya jawo asarar rai. A sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa kafin babban taron dare. A guji ɗaukar doka a hannu, a kuma guji ɗora laifin wasu a kan ƙabila ko addini baki ɗaya. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana roƙon hakimai da kansiloli su riƙa miƙa rahoton gundumominsu ga sakatariyar ƙaramar hukuma da ke Turunku a kan lokaci, domin da irin waɗannan rahotanni ne hukumomi za su gane inda manufar ke aiki da inda take buƙatar gyara.